Filin Tambaya da Amsa: Kiɗan Nan-Take da Kare Ƙasar 'Yan Asali

Wasiƙun da suka taru mana a wannan karo kusan duk kan abu guda suke: makaɗan da ke zama su yi kiɗa ba tare da sun tsara shi tun farko ba, da sarewa da bandiri da murya, su kira shi kiɗan tsarki, su ce kuɗin da ya shigo na kare dazuzzuka da koguna da filayen 'yan asalin ƙasa ne. Wasu daga cikin masu tambayar masu sauraro ne, wasu kuma makaɗa ne da suka riga suka tsoma hannu.

Tambaya: Ina yawan ganin faya-fayan da aka rubuta wa "domin kare daji da mutanensa". Shin kiɗa ya taɓa ceto ko da taku ɗaya na ƙasa, ko dai dabarar sayar da faifai ce? — Wani malamin makaranta

Amsa: Malam, shakkarka tana da tushe. Amma kafin a yanke hukunci, a raba abubuwa uku da masu sayar da faifai suke cusawa a buhu ɗaya. Akwai waƙar ibadar al'umma, wadda take da masu ita, da lokacinta, da wurinta, wani sa'in ma har da waɗanda aka hana su ji ta. Akwai waƙar da ɗan al'ummar ya fito da ita bainar jama'a da kansa don kare ƙasarsu. Sannan akwai kiɗan baƙo, wanda ya ƙaga nasa a take ya ce ya sadaukar da shi ga gwagwarmayar wasu. Ta tsakiyar ce ta fi barin sawu a tarihi.

Dubi shari'ar Delgamuukw a Kanada. Al'ummomin Gitxsan da Wet'suwet'en sun kai ƙara kan ƙasa mai faɗin kusan murabba'in kilomita 58,000 a lardin Biritish Kolombiya, aka fara sauraro a 1987. Ba su da takardar fili irin ta gwamnati. Abin da ke hannunsu tarihin baka ne da waƙoƙin zuri'a, kowacce a ɗaure da wani gida da wani yanki. Wata dattijuwa, Mary Johnson, ta rera waƙar makokin gidansu a cikin kotu a matsayin shaida. Alƙali Allan McEachern bai so ba, ya ce shi kunnensa ba na jin waƙa ba ne, kuma a 1991 ya yi watsi da ƙarar. A Disamban 1997 Kotun Ƙolin Kanada ta ce dole a ba tarihin baka nauyi daidai da na rubutattun takardu, ta umarci a sake shari'ar. A wannan rikici waƙar ita ce takardar filin.

A arewacin Norwe, lokacin da mutanen Sami suka tashi kan madatsar kogin Alta tsakanin 1979 da 1981, salon rerawarsu da ake kira yoik, wanda masu wa'azi suka daɗe suna kira zunubi, shi ya cika sansanonin zanga-zanga, har ya kai gasar waƙa ta Eurovision ta 1980 ta bakin Mattis Hætta. Madatsar dai an gina ta, aka kammala a 1987. Amma a 1989 aka buɗe majalisar Sami ta Norwe, kuma rikicin Alta ne ya share mata hanya. A Standing Rock ta Amurka ma, inda 'yan asali suka tashi kan wani bututun mai a 2016, ganguna da waƙoƙin addu'a ne suka riƙe dubban mutane a sansani cikin sanyi, duk da haka mai ya fara bi ta bututun a 2017.

Kiɗan baƙo kuwa, amfaninsa jawo ido da tara kuɗi. Sarkin ƙabilar Kayapo ta Barazil, Raoni, ya zaga ƙasashe tare da mawaƙi Sting a 1989, kuma a 1993 gwamnatin Barazil ta tabbatar da iyakokin yankin Menkragnoti, kusan hekta miliyan 5. Mawaƙin Barazil Milton Nascimento ya fitar da faifan Txai a 1990 don goyon bayan ƙawancen mutanen daji, bayan kisan Chico Mendes, mai fafutikar kare dajin Amazon, a Disamban 1988. A duk waɗannan, lauyoyi da masu awon ƙasa da shugabannin al'umma ne suka yi aikin da ya tsaya a takarda. Kiɗan ya kawo jama'a, ya kuma biya wani ɓangare na ɗawainiya. In ka ga faifan da bai faɗi sunan al'umma ba, bai faɗi sunan ƙungiyar da ke karɓar kuɗi ba, sai hoton daji da gashin tsuntsu, to ka riƙe kuɗinka.

Tambaya: Mu huɗu ne. Ni da sarewa irin ta 'yan asalin Amurka ta Arewa, ɗaya da bandiri, ɗaya da akwatin shuruti, ɗaya kuma tana rerawa. Duk sanda muka zauna kiɗan nan-take, ba a minti biyar sai ya rikiɗe ya zama hayaniya. Ina muke kuskure? — Wani mai busa

Amsa: Ɗan'uwa, matsalar yawanci tana farawa tun kafin a buga komai, wato wajen saiti. Akwatin shuruti, wannan ƙaramin akwatin Indiya mai zuga-zugi da ke riƙe sauti dogo, ba a ɗaure shi ko a sassauta shi. Sarewarka ma haka. Don haka ku sauke manhajar awon sauti a waya ku auna su biyun. Yawancin kayan kiɗa ana saita su ne a kan sautin A mai girgiza 440 a daƙiƙa, amma wasu masu sassaƙa sarewa suna saita tasu a kan 432. Tazarar ta kai kusan santi 32, alhali santi 100 ne tsakanin maɓallin piyano da na kusa da shi. Idan aka haɗa su za ku ji sauti yana rawa sau takwas a kowace daƙiƙa, kuma babu gwanintar yatsa da za ta gyara wannan. Sai dai a sauya ɗaya daga cikin kayan.

Sai yanayi. Sautin sarewa yana tashi kusan santi 3 a kan kowane digiri ɗaya na ɗumin iskar da ke cikinta, yana kuma sauka idan an yi sanyi, alhali akwatin shuruti ba ya motsawa sosai. Sarewar da ta yi daidai a ɗaki tana iya yin ƙasa ƙwarai da sanyin asuba. Ka sa ta cikin riga ta ɗauki ɗumin jiki, ka busa ta minti biyu ko uku kafin a fara. Fatar bandiri kuma laima take sha ta saki, sautin ya mutu. A ɗumama ta a rana ko daga nesa da wuta, ana juyawa ana gwadawa da yatsa. In ta bushe ta yi tsauri fiye da kima, a shafa mata ruwa kaɗan da tafin hannu. Kusantar da ita ga wuta yana tsaga ta.

Sarewa mai maɓallin A tana ba da sautuka biyar: A, C, D, E, G. In mai huda shida ce, ka bar huda ta uku daga sama a rufe har sai ka saba. Mai akwati ya buɗe A da E kawai, kada ya ƙara na uku. Idan wata rana kun ƙara sarewa ta biyu, ku nemi mai E ko mai D, domin kowaccensu tana tarayya da taka a sautuka huɗu cikin biyar. Mai G ko mai F mai kaifi za ta riƙa karo da taka.

To, ga inda hayaniyar take fitowa. Kiɗan nan-take ba ya nufin babu shiri. Abin da ba a shirya ba shi ne sautin da zai fito, amma tsarin tafiyar ana yanke shi tun kafin a zauna. Ku ɗauki minti goma sha biyu. Minti biyun farko akwati shi kaɗai. Sai sarewa ta shigo da sautuka uku kacal, kowace jimla numfashi ɗaya, bayanta shiru mai tsawon jimlar. Wannan shirun shi ne abin da sabbin makaɗa suka fi tsoro, kuma shi ne yake ba mai rerawa wurin da za ta sa ƙafa. A minti na huɗu bandiri ya shigo a hankali, bugu 60 zuwa 66 a minti. Murya ta biyo baya, ita da sarewa suna ba wa juna amsa, ba sa hawa kan juna. Ƙa'idar da za ku riƙe: ban da akwati, kada mutum fiye da biyu su kasance a gaba a lokaci guda. Ƙololuwar tashin kiɗan ta zo wajen minti na takwas, daga nan a riƙa janyewa ɗaya bayan ɗaya, akwati ya rage shi kaɗai kamar yadda ya fara.

Mai bandiri ya kula da abu ɗaya: hannu yana ƙara sauri duk sanda ya ƙara ƙarfi, ba tare da mai shi ya sani ba. Ya riƙe lissafin da ƙafarsa, ya bar hannu ya yi ƙarfi ko taushi. Ku kuma yarda a kan alamu biyu ko uku, misali ɗaga kai na nufin "karɓi", sunkuyar da sarewa na nufin "mu sauka". Idan yatsa ya zame ka busa sautin da ba shi ba, kada ka yanke. Maimaita shi sau ɗaya da gangan, sannan ka gangara zuwa A. Kunnen mai sauraro zai ɗauke shi a matsayin niyya.

Ga mai rerawa muna da jan kunne. Kalmomin nan marasa fassara da ake ji a waƙoƙin gangar 'yan asalin Amurka ba surutun banza ba ne da kowa zai kwaikwaya. A tsare suke, ɓangare ne na waƙar da wani ya ƙaga, kuma sau da yawa an san gidan da ta fito. Yoik ma haka: a wajen Sami, wanda aka yi wa yoik shi ne mai shi. Ta rera da harshenta, ko ta yi guɗa da ƙuginta ba kalma. Ku naɗi kowane zama da waya ku saurara washegari. Za ku ji da kunnenku wanda ba ya barin fili.

Tambaya: Na samu wani tsohon faifan waƙar ibada ta wata ƙabilar daji, an naɗe shi shekaru fiye da hamsin da suka wuce. Ina so in yanko muryar in ɗora a kan kiɗana, ribar kuma in ba ƙungiyar kare muhalli. Tunda waƙar gargajiya ce, ai ba mai ita ko? — Wata mai haɗa kiɗa

Amsa: Malama, da mai ita, har ma masu ita biyu. A doka kowane faifai yana ɗauke da haƙƙi iri biyu: haƙƙin waƙar kanta, da haƙƙin naɗin, wanda yawanci yake hannun wanda ya riƙe rikoda ko kamfani ko ɗakin adana tarihi. Dokokin haƙƙin mallaka na ƙasashe da yawa suna kare na biyun su bar na farkon a buɗe, domin suna neman sunan mutum ɗaya da shekarar da ya ƙirƙira. Ta wannan ƙofa aka sha cutar mutane.

Hugo Zemp ya naɗi wata mata mai suna Afunakwa, 'yar ƙabilar Baegu a tsibirin Malaita na Tsibiran Solomon, tana waƙar reno da ake kira Rorogwela, UNESCO ta fitar a faifai a 1973. A 1992 ƙungiyar Deep Forest ta Faransa ta ɗora muryar a kan kiɗan na'ura, waƙar ta zaga duniya, ba a ambaci sunan matar ba, kuma da yawa suka ɗauka daga dazuzzukan tsakiyar Afirka take. Haka aka yi wa Difang da Igay Duana, dattawan ƙabilar Amis ta Taiwan, waɗanda aka naɗa a Faransa a 1988. Muryarsu ta fito a waƙar Return to Innocence ta Enigma, aka yi tallar wasannin Olamfik na 1996 da ita, su ba su da labari. Sai da suka kai ƙara aka sasanta a wajen kotu a 1999, aka sa sunayensu.

Niyyarki ta ba da ribar ba ta wanke wannan ba. Sashe na 31 na sanarwar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin 'yan asalin ƙasa, wadda aka amince da ita ranar 13 ga Satumba 2007, ya ce su ke da ikon kula da gādonsu na al'ada da iliminsu na gargajiya. Sanarwar ba doka ce da kotun kowace ƙasa za ta tilasta ba, amma ita ce ma'aunin da ƙungiyoyin 'yan asali za su auna ki da shi. Kuma waƙar ibada tana da ƙarin nauyi: wata ta maza ce kaɗai, wata ta mata, wata ta wani lokaci a shekara. A wasu al'ummomin Ostiraliya ana kauce wa sa muryar mamaci na wani lokaci bayan rasuwarsa.

Hanyar da za ki bi ita ce wannan. Duba takardar faifan ki fitar da sunan mai rerawa, ƙauye, shekara da wanda ya naɗa. Rubuta wa ɗakin adanar da ke riƙe da asalin naɗin, ki nemi izininsu, ki kuma tambaye su ta wa ake isa ga al'ummar. Ki tuntuɓi majalisar al'ummar ko cibiyar al'adunsu, kada ki tsaya ga mutum ɗaya da kika samu a intanet. Aika musu da samfurin abin da kika haɗa su ji da kunnensu, tare da bayanin inda za a sa shi, ko za a iya ba masu talla ko masu fim, da kason da za su samu. Ki ba su watanni, domin irin wannan shawara sai an tara dattawa. A rubuta yarjejeniya da harshen da suke ji, a sa damar janye izini. Kada ki saki aikin da lasisin Creative Commons, mai ba kowa izinin amfani da aiki, domin ba a janye shi bayan an bayar. Idan suka ce a'a, ko suka yi shiru, amsar a'a ce.

Akwai abin koyi. Faya-fayan kaki 31 da Jesse Walter Fewkes ya naɗa a wajen mutanen Passamaquoddy na Amurka ta Arewa a 1890 suna Ɗakin Karatu na Majalisar Dokokin Amurka. Da aka koma wa jikokinsu da su, su suka fassara, suka kuma liƙa musu alamomin da ke faɗin wanda ya dace a ambata da irin amfanin da aka yarda. A ra'ayinmu, mafi alheri ki ajiye tsohon faifan, ki nemi mawaƙi mai rai daga al'ummar, ki biya shi kuɗin zama, ya zaɓi abin da ya halatta a fitar.

Tambaya: Muna so mu naɗi kiɗanmu a cikin daji tare da kukan tsuntsaye. Mun gwada, sai ƙugin iska da wani tsartsatsi muka samu. — Wani ɗalibi

Amsa: Iska ce babbar abokiyar gaba. Soson da ke zuwa da makirufo bai isa ba a waje, sai an ɗora masa rigar gashi. Ka kunna maɓallin yanke ƙananan sautuka a wajen girgiza 80 zuwa 100 a daƙiƙa, sai dai in akwai babbar ganga da kake son nauyinta. Tsartsatsin kuwa laima ce ta shiga makirufon, ko kuma wayar wani ce ke neman sabis kusa da rikoda. Ku kashe sabis ɗin wayoyinku, ku riƙa kwantar da makirufo cikin robar da ba ta shan iska tare da ƙullin silika mai tsotse laima.

Saita rikoda a kan kilohaz 48 da bit 24. Awa ɗaya da makirufo biyu za ta ci kusan gigabait ɗaya. A buga mafi ƙarfin abin da za a buga, ka daidaita har allurar ta tsaya wajen desibel 12 ƙasa da sifili, domin kiɗan nan-take yana tashi ba sanarwa. Duk sanda aka ninka nisa, ƙarfin sauti yana sauka desibel 6, saboda haka da ƙafa ake haɗa sautin: sarewa mita ɗaya da rabi daga makirufo, bandiri mita uku ko huɗu. Ku isa wurin awa guda kafin fitowar rana, ku zauna shiru minti goma tsuntsaye su koma harkarsu, ku naɗi dajin shi kaɗai minti biyar kafin ku fara da kuma bayan kun gama. Wannan zai yi muku amfani wajen haɗa gaɓoɓi.

Bernie Krause, wanda ya shafe shekaru yana naɗar dazuzzuka, ya nuna cewa halittu suna raba sararin sauti tsakaninsu, ƙwari a sama, kwaɗi a nasu gurbin, tsuntsaye a nasu. Ku saurara ku ga inda babu kowa, ku busa a nan. Faifan Voices of the Rainforest da Steven Feld ya naɗa a wajen mutanen Kaluli na Bosavi a Papuwa Niu Gini, ya fito a 1991, darasi ne a kan haka, domin Kaluli suna rerawa ne tare da ruwa da ƙwari, muryoyi suna hawa kan juna ba tare da sun danne juna ba.

Kada ku kunna kukan tsuntsu a lasifika don ku jawo shi, yana sa shi barin sheƙa ya fito faɗa da abokin gaba da babu shi. Idan wurin na wata al'umma ne, izini kafin shiga. Ku kuma goge bayanan taswira da ke maƙale a hotuna da bidiyo kafin ku saki, domin ta nan ake gano wuraren tsarki da gidajen masu fafutika, a yankunan da ake kashe mutane kan katako da zinariya.

Tambaya: Za mu shirya taron kiɗa da faifai don tallafa wa wata al'umma da ke kare dajinta. Yaya za mu tabbatar kuɗin ya isa hannunsu? — Wata mai shirya taro

Amsa: Hajiya, ki fara da kalmar da za ki rubuta a jikin sanarwa. "Wani ɓangare na riba" ba alkawari ba ne. Ɗauki misali: a cikin kowane 100 da aka tara, zaure ya ci 35, na'urorin sauti 20, sufuri 25, talla 10. Saura 10. In kin ce rabin riba, 5 ne zai tafi. Ki faɗi kaso daga jimillar abin da aka tara kafin a cire komai, ko adadi tsayayye a kan kowane tikiti, sannan ki matse ɗawainiya ta dace da shi. A ajiye akwatin gudummawa daban da kuɗin ƙofa, mutum biyu su ƙirga su sa hannu a daren, a tura cikin wata guda, a wallafa shaidar turawa.

Wajen sayar da faifai, shafin intanet na Bandcamp yana cire kashi 15 cikin 100 na abin da aka sauke, ya koma 10 bayan ciniki ya kai dala 5,000, ban da kuɗin masu sarrafa biya. Kada ki dogara da dandalin saurare kai tsaye: a Spotify, tun 2024, waƙar da ba a saurara sau 1,000 cikin wata goma sha biyu ba ba ta samun ko sisi, kuma kiɗa mai tsawon minti ashirin saurare ɗaya ake ƙirga masa kamar waƙar minti uku. In kiɗan dogo ne, a yanka shi gaɓa-gaɓa inda ya sauka da kansa.

Abin da ake yawan mantawa: a kiɗan nan-take duk wanda ya buga ya ƙirƙira. A ranar naɗin kowa ya sa hannu a takarda mai nuna kasonsa da kuma abin da ya sadaukar. In aka bari sai faifai ya yi kasuwa, zumunci ke lalacewa. Kuma kada a rubuta "gargajiya" a gurbin sunan mai waƙa idan an san shi, domin da wannan kalma kasonsa yake zarcewa ga wanda ya yi wa waƙar kwaskwarima.

Sai wa za a ba. Wani bincike da Rainforest Foundation ta Norwe ta fitar a 2021 ya gano cewa ƙasa da kashi 1 cikin 100 na tallafin sauyin yanayi na duniya tsakanin 2011 da 2020 ne ya tafi ga haƙƙin ƙasa da kula da daji na 'yan asali da al'ummomin karkara, kuma ko a cikin wannan ɗan kaɗan ne ya isa ƙungiyoyinsu kai tsaye. Don haka ki nemi ƙungiyar da su suke shugabanta, ki ga rajistarta da asusunta, ki tambaye su ko sun yarda a yi amfani da sunansu. Wasu manyan ayyukan kare daji ma korar mazauna dajin suka yi da sunan gandun namun daji, kamar yadda mutanen Baka na yankin Kwango da Kamaru suka sha kokawa. Kada kuma ki ɗaure kuɗin da sharaɗin dashen itace. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo: wataƙila kuɗin lauya suke nema, ko man jirgin ruwan sintiri, ko na'urar awon iyaka. Martin Cradick da Su Hart na ƙungiyar Baka Beyond, waɗanda suka fara zuwa wajen Baka a Kamaru a 1992, sun kafa Global Music Exchange don mayar da kason mawaƙan, Baka da kansu suka zaɓi abin da za a yi da shi, ciki har da gina gidan kiɗa.

Tambaya: An gayyace ni wani taro da aka kira "bikin tsarki na warkar da ƙasa". Ina son goyon bayan manufar, amma ina da addinina, ba na so in shiga bautar wasu. — Wani magidanci

Amsa: Alhaji, hukuncin addini malamanka za ka tambaya. Abin da za mu iya ba ka shi ne yadda za ka gane irin taron. Ka nemi jadawali, ka tambayi wanda zai jagoranta da al'ummar da ta ba shi izini. Taron kiɗa ana zama a saurara a ba da gudummawa. In kuwa akwai kiran ruhohi da shan wani tsimi da kuɗin shiga mai tsada, kuma jagoran baƙo ne da ya yi kwas na mako biyu, to su kansu 'yan asalin sun fi ka ƙin abin. A 1993 taron shugabannin Lakota na Amurka ta Arewa ya fitar da sanarwa mai zafi kan masu sayar da ibadarsu. Ka tuna an hana potlatch, bikin rabon kyauta na wasu 'yan asali, a Kanada daga 1885 har 1951, kuma sai a 1978 Amurka ta yi dokar kare 'yancin addinin 'yan asalinta. Mutanen da aka ɗaure kakanninsu saboda waƙa ba sa jin daɗin ganin ana sayar da tikitinta. Akwai kuma haɗari ga rai: a 2009 mutum uku suka mutu a wani kwaikwayon bukkar gumi, wata ibadar 'yan asali ta zama cikin tururi mai zafi, da aka shirya don kuɗi kusa da Sedona a jihar Arizona. Kana iya tura gudummawarka kai tsaye ga ƙungiyar al'ummar ba tare da ka taka wurin ba.

Tambaya: Ba na so in yi kiɗan kare daji da kayan da aka sare daji aka yi. Me zan duba wajen saye? Kuma me ya sa sarewata take shaƙewa bayan minti goma? — Wani sabon shiga

Amsa: Ƙanena, tambayi sunan itacen da inda aka saro shi. Tun Janairun 2017 duk dangin itacen Dalbergia suka shiga ƙarƙashin CITES, yarjejeniyar duniya mai sa ido kan cinikin itatuwa da dabbobin da ke barazanar ƙarewa, haka ma madobiya, wadda ake sassaƙa ganguna da balafon da ita. A 2019 an sassauta wa kayan kiɗan da aka riga aka ƙera da Dalbergia, ban da nau'in Barazil, wanda yake cikin tsauraran jeri tun 1992. Gora da itacen da ya faɗi da kansa da katakon tsohon gini sun fi kwanciyar hankali. Yidaki na gaske, dogon abin busa da duniya ta fi sani da dijiridu, kututturen bishiyar turare ne da gara ta rarake cikinsa, kuma mutanen Yolngu na arewacin Ostiraliya suna ƙwanƙwasa itace su ji ko ya rarake kafin su sare. Na kasuwar 'yan yawon buɗe ido da yawa da injin huda aka yi su, aka zana musu zanen aro. Saya daga cibiyar fasaha ta al'ummar, inda za a ba ka sunan wanda ya yi. A Amurka, dokar 1990 ta haramta sayar da kaya da sunan aikin 'yan asali in ba su suka yi ba, gashin gaggafa kuma an haramta riƙe shi ga wanda ba shi da izini.

Shaƙewar sarewa kuwa tururin numfashinka ne yake daskarewa ya zama ruwa a siririyar hanyar iska da ke ƙarƙashin ɗan katakon da aka ɗaure a samanta. Toshe hudar sauti da yatsa ka busa da ƙarfi sau biyu, za ta buɗe. Bayan an tashi, kwance igiyar, ɗage katakon, share ruwan da ƙyalle mai laushi, ka bar ta ta bushe a inuwa. Wajen mayarwa, bakin katakon ya tsaya daidai gefen hudar, kada ya rufe ta, ka ɗaure sosai yadda iska ba za ta tsere ta gefe ba. Idan za ka yi taro mai tsawo a wuri mai sanyi, riƙe sarewa biyu masu maɓalli ɗaya kana musanyawa.